Tsofaffin Ƙananan Babura: Yadda Ake Gano Matsalar Birkin Ƙafa Da Gyara Shi

Duk mai yawan kallon bidiyon gyaran tsofaffin kaya a YouTube ko TikTok ya san yadda labarin ke tafiya. Za a jawo wani ɗan ƙaramin babur daga bayan gida, tsatsa ta cinye shi, tayoyi sun tsattsage. A kwance shi ɗaya bayan ɗaya, a wanke kafireta, a fesa sabon fenti. Sai a ja igiya sau biyu ko uku, inji ya tashi, a yi shewa, bidiyo ya ƙare. Abin da ba kasafai ake nunawa ba shi ne abin da zai faru idan yaron da aka ɗora a kai ya doshi katanga ya taka birki.

A wajen masu farfaɗo da irin waɗannan babura, inji ne ke samun kulawa, birki kuwa sai a ƙarshe, in ma an tuna da shi. Ga shi kuma yawancinsu birki ɗaya tak gare su, na tayar baya. Idan ya ƙi kamawa babu wani na biyu da za a dogara da shi. Abin daɗin shi ne birkin ƙafa na waɗannan babura ba shi da ruwan birki, ba shi da lantarki. Ƙarfe ne ke jan ƙarfe, don haka mai haƙuri zai iya gano inda matsala take da idonsa da hannunsa.

Wane irin babur ne wannan?

Baburan da Amurkawa ke kira mini bike sun fito ne a ƙarshen shekarun 1950, suka yi tashe a shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ƙirarsu ba ta da wani sarƙaƙiya: bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka yi wa walda, ƙananan tayoyi, kujera ɗaya, sai injin Briggs & Stratton ko Tecumseh irin na yankan ciyawa, mai ƙarfin doki biyu da rabi zuwa biyar. Mafi yawansu ba su da giya. Kulocinsu da kansa yake kamawa idan inji ya ɗauki gudu, sarƙa ta kai ƙarfin zuwa tayar baya.

Kamfanoni da dama sun yi suna a wannan harka. Akwai Rupp, wanda Mickey Rupp ya kafa a garin Mansfield na jihar Ohio a 1959, ya kuma durƙushe a 1978. Akwai Taco da Bonanza daga Kalifoniya, da Lil Indian daga Mishigan, da Fox daga Wisconsin. Daga Japan kuma Honda ta shigo da nata salon. A 1961 ta ƙera wani ɗan babur mai suna Z100 don yara su riƙa hawa a filin wasanta na Tama Tech, wanda daga baya ya haifar da Monkey. A 1968 ta kai Z50A kasuwar Amurka, a 1969 kuma CT70 ya biyo baya. Sai a 2017 aka daina ƙera ƙaramin Monkey mai injin cc 50.

Ke nan babur ɗin da aka tsinto yau a wani gareji zai iya haura shekara hamsin. Fatar birkinsa, da sifirin ɗinsa, da giris ɗin da ke cikinsa, duk shekarunsu ke nan.

Birki iri uku

Matakin farko shi ne a gane wane irin birki ne a jikin babur, domin kowanne da irin ciwonsa.

Na farko shi ne birkin goga-taya, wanda ya fi kowanne sauƙi da arha. Wani faffaɗan ƙarfe ne ke zaune kusa da tayar baya. Idan an taka feda sai ya danne fuskar tayar kai-tsaye, kamar yadda yaro ke sa silifas a kan tayar keke idan birki ya mutu.

Na biyu shi ne birkin ɗamara. Wani siririn ƙarfe ne mai fata a cikinsa, ya zagaye wani kwano mai juyawa. Bakinsa ɗaya a kafe yake a jikin babur, ɗayan kuma feda ce ke jan sa, sai ɗamarar ta matse kwanon. A wasu baburan kwanon yana jikin tayar baya. A wasu kuma jikin kuloci ne ɗamarar ta zagaye, ko wani ɗan kwano a kan sandar da ke tsakanin inji da taya.

Na uku shi ne birkin cikin kwano, wanda takalma biyu masu siffar rabin da'ira ke buɗewa su danne cikin kwanon da ke tsakiyar taya. Shi ne a jikin CT70 da wasu manyan samfuran Amurka, kuma shi ne dai a tayar bayan Boxer da Jincheng da roba-roba. Duk bakaniken babur a Kano ko Maraɗi ya san cikinsa, wanda hakan ke sauƙaƙa neman taimako.

Kafin a ɗauki sifana

A nan wayar hannu ke da amfani sosai. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a ɗauki hoton birkin ta kowane ɓangare: inda kowane sifirin ya maƙale, yadda wasa da noti suka jeru, ta wane rami aka sa sandar birki. Kamfanonin da suka ƙera yawancin baburan nan sun daɗe da rufewa, saboda haka hoton da mutum ya ɗauka da kansa na iya zama kaɗai jagorar da zai samu lokacin mayarwa. Na Honda kuwa ana samun littattafan gyaransu a intanet, kuma ya fi kyau a sauke na ainihin samfurin da shekararsa.

Wata dabarar ita ce a jingina wayar a ƙasa, a kunna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, sannan a taka feda da ƙarfi. Idan aka kalli bidiyon za a ga abin da ido ba ya kamawa: sandar da ke lanƙwasa, ƙarfen da ke motsi alhali bai kamata ba, ko waldar da ke buɗe baki.

Sai batun lafiya, wanda ba na wasa ba ne. Fatar birki ta wancan zamani galibi tana ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai siraran zare da ke jure zafi. Shaƙar ƙurarsa na haddasa cutar huhu da sankara, kuma ciwon kan ɗauki shekaru da yawa kafin ya bayyana. Sai a watan Maris na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar haramta nau'insa na ƙarshe da ake amfani da shi a ƙasar. Don haka kada a hura ƙurar tsohon birki da baki ko da injin iska, kada kuma a kankare tsohuwar fata da samfefa. A jiƙa ƙurar da maganin wanke birki na feshi ko da ruwan sabulu, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda a zubar. A yi aikin a fili, da takunkumi mai tace ƙura.

A bi sawu daga ƙafa zuwa taya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi kai-tsaye a sayo sabuwar fata. Sau da yawa ƙarfin ƙafa ba ya ma isa wajen fatar, a hanya yake zubewa. Hanya mafi kyau ita ce a ɗaga tayar baya sama, a juya ta da hannu, a bi kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya.

A fara da fedar kanta. Idan tana da tauri ko ba ta dawowa da kanta, wurin da take juyawa ne ya yi tsatsa, ko sifirin ɗin da ke dawo da ita ya mutu. A cire ta, a goge sandar har ta yi haske, a shafa giris, a sa sabon sifirin. Idan kuma tana kaɗawa hagu da dama, ramin ne ya buɗe, sai an sa masa bushin ko an cike da walda an sake hudawa.

Daga nan sai sandar birki. Ya kamata ta kasance a miƙe, kuma aikinta ja ne. Sandar da ta lanƙwashe takan zama tamkar sifirin: maimakon ta ja birki sai ta tsaya miƙewa, feda ta yi laushi kamar an taka soso. A duba ramukan da fil ke shiga. Ramin da ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai yana cinye wani ɓangare na tafiyar feda, kuma idan irinsa ya kai uku a layi ɗaya, feda za ta taɓa ƙasa birki bai kama ba. Kowane fil ya samu abin kulle shi na gaskiya. Ƙusa ko guntuwar waya da aka lanƙwasa ba za su jure girgizar waɗannan injina ba.

Inda aka yi amfani da kebur maimakon sanda, a duba ko zarensa ya fara tsinkewa, musamman a bakuna biyu. Kebur ɗin da zare ɗaya ya tsinke a jikinsa ba a gyara shi, canzawa ake yi.

Idan na goga-taya ne

A wannan birkin, taya ita ce rabin birki. Tsohuwar tayar da ta bushe ta yi tauri ba za ta kama ƙarfe ba komai ƙarfin takawa, haka ma wadda iskarta ta yi ƙasa, domin lotsawa kawai za ta yi. Idan akwai lambar DOT a gefen tayar, ƙarshenta na nuna lokacin ƙira. Daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan lambobi uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000, kuma lokacin hutunta ya yi.

A duba ƙarfen da ke danne tayar. Ya zauna daidai a faɗinta, kada ya karkace, kada kuma gefensa ya cinye har ya yi kaifin da zai yanki roba. Idan ba a taka ba, ya bar ɗan sarari kaɗan yadda ba zai riƙa goga ba. Duk lokacin da aka ja taya baya don ɗaure sarƙa, wannan sararin ya canza, sai an sake saita shi.

Amma ko an gyara shi tsaf, wannan birki yana da iyaka. Da zarar taya ta jiƙe ko ta kwashi taɓo, kamunsa ya ragu ƙwarai.

Idan na ɗamara ne

Abu uku ke kashe birkin ɗamara: mai, zafi, da ɗaurin baibai.

Ɗamarar tana zaune ne kusa da sarƙa, a wasu lokuta kuma a kan kuloci, wanda shi ma ake ɗiga wa mai a tsakiyarsa. Man da ya fantsama kan fatar yakan shige cikinta. Wankewa da fetur na iya sa ta kama na ɗan lokaci, amma da ta ɗauki zafi man zai sake tsattsafowa. Maganin shi ne sabuwar ɗamara, a kuma rage yawan man da ake zuba wa sarƙa. Zafi kuwa yakan sa fuskar fatar ta yi santsi tana ƙyalli kamar gilashi, kwanon ma ya yi shuɗi-shuɗi. A goge kwanon da samfefa har ƙyallin ya tafi.

Ɗaurin baibai shi ne wanda ya fi rikita sababbin masu gyara, domin a ido komai daidai yake. An tsara ɗamara ne yadda juyawar kwanon da kanta za ta taimaka wajen matse ta. Idan babur na tafiya gaba, fuskar kwanon a ƙarƙashin ɗamarar ta riƙa tashi daga wajen bakin da aka kafe tana nufar bakin da feda ke ja. Ta haka kafaffen bakin ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ƙafa kuma ta yi ɗan aiki kaɗan. Idan aka juya tsarin, ƙafa ce za ta yi ta kokawa da juyawar kwanon. A lissafi, ɗamarar da ta zagaye kashi uku cikin huɗu na kwano da fata mai matsakaicin kamu na iya rasa ƙarfinta har kusan ninki huɗu saboda wannan kuskure kaɗai. Gwajinsa ba wuya: a ɗan danna feda, a tura babur gaba, sannan a tura shi baya. Idan ya fi kamawa a baya, an ɗaura shi baibai.

Akwai kuma wani haɗari da ke cikin ƙirar kanta. Idan ɗamarar tana kan kuloci ne ko kan sandar tsakiya, to ta hanyar sarƙa take tsayar da taya. Ranar da sarƙa ta zame ko ta tsinke, inji ya rabu da taya, birki ma ya rabu da ita a lokaci guda. Mai irin wannan babur dole ya ɗauki sarƙa a matsayin ɓangaren birki: ya duba ɗaurinta, da daidaiton haƙoran gaba da na baya, da ɗan makullin da ke haɗa bakinta.

Idan na cikin kwano ne

Bayan an cire taya an zaro farantin da takalman ke zaune a kai, abin da za a fara dubawa shi ne kaurin fata. Littattafan Honda na ƙananan babura galibi suna cewa a canza idan ta ragu zuwa milimita 2. Amma a tsohon babur kauri kaɗai bai isa hujja ba. Fatar da aka manna da gam takan ɓamɓare daga jikin takalmi idan ta daɗe a danshi, kuma idan ta ɓalle ana cikin tafiya tana iya cusa kanta a kwano ta kulle taya nan take. Takalman da suka shekara hamsin, ko da sun yi kama da sababbi, a sauya su duka biyun tare da sifirin ɗinsu.

Na biyu shi ne mabuɗi, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗi da ke murɗawa ya buɗa takalman. Tsohon giris yakan daskare a raminsa ya riƙe shi, sai birki ya yi tauri ko ya ƙi saki. A zare shi, a wanke, a shafa masa giris mai jure zafi ɗan kaɗan. Wanda ya yi yawa zai narke ya gangaro kan fata.

Hannun da ke wajen faranti, wanda sandar birki ke ja, yana zaune ne a kan ƙananan haƙoran mabuɗin. A baburan Honda akwai ɗigo a jikin kowannensu da ake daidaitawa. Idan an taka birki har ƙarshe, kusurwar da ke tsakanin hannun da sandar ta kusanci digiri 90, kada ta wuce. Wasu idan fata ta cinye sukan cire hannun su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don birki ya ci gaba da kamawa. Wannan dabara ce mai haɗari, domin mabuɗin na iya juyawa ya wuce iyakarsa ya tsaya a gicciye tsakanin takalman, birki ya kame ya ƙi saki.

A leƙa cikin kwanon da fitilar waya. Tsatsar sama-sama samfefa za ta ɗauke ta. Zurfafan layuka kuwa, ko kwanon da ya daina zama cikakkiyar da'ira, wanda ake ganewa idan feda na bugun ƙafa lokacin tsayawa, sai an kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ko an nemo wani. Don a san ko sababbin takalma sun zauna daidai, a zana layukan alli a kan fatar, a mayar, a juya taya a ɗan taka birki, a sake buɗewa. Inda allin ya goge nan ne kaɗai ke taɓa kwano.

Wajen mayarwa akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Na farko, farantin birki yana da abin da ke hana shi bin taya su juya tare, ko dai wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, ko wani tsagi da ke shiga jikin babur. Idan wannan ya kuɓuce, taka birki na farko zai murɗe farantin ya fizge sandar. Na biyu, kafin a ɗaure babban notin sandar tsakiyar taya, a taka birki a riƙe, sannan a ɗaure. Hakan na sa takalman su zauna a tsakiyar kwano. A saita sarƙa tukuna, sannan a juya notin da ke ƙarshen sandar birki har feda ta samu wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ta fara kamawa, kamar yadda Honda ta tsara wa irin waɗannan babura.

Sabon inji, tsohon birki

Matsalar da ta fi girma a yau ba daga tsatsa take zuwa ba. Masu gyara da yawa a Amurka sukan cire tsohon injin su ɗora Predator 212, wanda shagunan Harbor Freight ke sayarwa, mai ƙarfin doki shida da rabi. Ɗan uwan injin Honda GX200 ne, irin dangin injinan da aka saba gani a jikin famfon ban-ruwa da injin markaɗe. Wasu har sukan cire na'urar da ke hana shi wuce juyi 3,600 a minti ɗaya. Sai ga babur ɗin da aka ƙera don zagaya fili a hankali yana gudun da masu ƙirarsa ba su taɓa tunani ba.

Lissafin a fili yake. Idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninka sau huɗu, haka ma tazarar tsayawa. Ƙari a kan haka, idan aka taka birki nauyi kan koma gaba, tayar baya ta yi sakayau, ga babur gajere. Shi ya sa masu ƙara ƙarfin inji da suka san abin da suke yi kan koma birkin faifai, su kuma ƙara na gaba. Wanda ke son babur ɗinsa ya zauna a yadda ya fito daga kamfani, da birkinsa na asali, sai ya bar masa injinsa na asali da gudunsa na asali.

Gwajin ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tayar da inji, a ɗaga taya a juya: ta juya ba tare da goga ba, ta tsaya cak idan an taka, ta kuma saki da zarar an ɗaga ƙafa. Sannan mutum ya zauna a kai, wani ya tura shi, ya gwada tsayawa. Sai bayan nan a kunna inji, a fili mai faɗi da babu mutane ko motoci, da hular kwano a ka. Yawancin waɗannan baburan ba su da fitila ko sigina, ba don titi aka yi su ba.

A yi tsayawa a hankali sau da yawa don sabuwar fata ta saba da kwano. Manhajar auna gudu ta GPS za ta taimaka a riƙa gwadawa a gudu iri ɗaya, a ja layi a ƙasa a ga ko tazarar tsayawa na raguwa. Bayan ɗan zagaye ba tare da taka birki ba, a kai hannu kusa da kwanon. Idan ya yi zafi, birkin na goga, sai a sassauta. Daga nan a sake bin kowane noti da kowane fil, domin girgizar farko kan kwance abin da aka ɗaure. Idan yaro ne zai hau, a tabbatar ƙafarsa na kai wa feda daga inda yake zaune, kuma ƙarfinsa ya isa ya tsayar da babur ɗin shi kaɗai.